Rumbun da Bara'atu ta Ƙona

Shekara goma sha ɗaya Bara'atu tana karanta wa mahaifiyarta littafi, kuma a duk shekarun nan ko sau ɗaya tsohuwar ba ta taɓa buɗe baki ta ce mata sannu da ƙoƙari ba. Ba rashin so ba ne, a'a. Bara'atu 'yar fari ce, Inna Hure kuwa irin mutanen da ce, masu kunyar ɗan fari har ta wuce misali. Ba ta kama sunanta, ba ta yabonta, ba ta ma yarda a kama ta tana kallonta. "Ke 'yar nan," shi ne sunan Bara'atu a bakinta tun tana rarrafe har yau da ita ma ta aurar da 'ya.

To amma da la'asar abin yakan sassauta. Da an sallame salla Bara'atu za ta yafa mayafi ta fito daga gidan mijinta, ta ratsa lungu biyu na cikin garin Gaya, ta iske Inna ta shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, ta ajiye kofin ruwa a gefen da 'yar za ta zauna. Inna ba ta yi boko ba, ga yanar ido ta rage mata gani sai dishi-dishi, amma Allah ya zuba mata son labari. Bara'atu ta buɗe littafi daga inda tsinken tsintsiya ya tsaya, ta yi ta karatu, tsohuwa ta yi dariya, ta yi salati, ta tsine wa mugu. Wani lokaci labari ya ɗebe ta har ta manta da kunya, ta dafa gwiwar 'yarta ta ce, "Maimaita wurin nan." Wannan dafawar ita ce duk rabon Bara'atu na uwa, kuma ba ta haɗa ta da komai ba a duniya.

Zaɓen littafi ma a hannunta yake. Marubuciyarsu ɗaya ce, Barira Kabo, sun karance littattafanta tara, wasu ma sau biyu. Matan unguwa idan suna neman abin karantawa wurin Inna suke tambaya, ita kuma ta nuna da haɓa ta ce, "Ku tambayi 'yar nan, ita ta san na kirki." A wurin Bara'atu wannan ya fi a naɗa mata sarauta.

Ana nan sai ga Falmata.

Falmata matar Kamilu ce, ƙanin Bara'atu, suna zaune a Toranke inda yake noma. Yarinyar ba ta da aibu, abin haushin ke nan. Ga ladabi, ga fara'a, ba ta zuwa hannu rabbana, in ba man shanu ba to turaren wutar gidansu. Ranar wata Juma'a ta zo gaisuwa ta tarar ana karatu, ta durƙusa ta gaida surukarta, ta ce, "Inna, wane littafi ake karanta muku yanzu?"

"Na Barira Kabo mana," in ji Inna. "Muna da wata ne?"

"Barira kam gwana ce," Falmata ta ce. "Amma Inna, kun taɓa jin Muhsina Zunnuraini? Wallahi ranar da na fara littafinta sai da tuwona ya kama. A Toranke yanzu layi ake bi a kansa." Ta zuge jaka ta ciro littafi mai koren bango ta miƙa da hannu biyu. "Rumbun Zulfa sunansa. Na ce ba zan bari ya wuce ku ba. Yaya Bara'atu, ke ma za ki ji daɗinsa."

Inna ta karɓa, ta shafa bangon, ta kai hanci ta shaƙi ƙamshin turaren da ya kama takardun. "Kai, Falmata! Allah ya yi miki albarka, Falmata. Tun daga Toranke kika tuna da tsohuwa? Falmata ke nan."

Sau uku. Bara'atu ta ƙirga. Sau uku a numfashi ɗaya aka kama sunan 'yar mutane, ita da ta ƙare muryarta shekara goma sha ɗaya a kan tabarmar nan ko rabin sunanta ba ta taɓa ji ba. Ta yi murmushin da bai wuce haƙori ba ta ce, "An gode." Cikinta kuwa kishi ne tsagwaronsa, ba shi da wani suna.

Washegari Inna ta ce a jingine Barira Kabo a fara na Falmata, alhali saura shafi arba'in su gama. Bara'atu ta buɗe sabon littafin ta kama karatu da gudu, murya a bushe, ba hawa ba sauka.

"Ke 'yar nan, korar ki ake yi?" Inna ta ce. "Sassauta mana."

Ta sassauta don dole. Labarin wata Zulfa ne, mijinta ya rasu ya bar mata marayu da gona da rumbu cike da gero, wan mijin, Abdulsalam, ya sa ido a kai. Kafin magariba Inna ta yi salati sau biyar. Da za su tashi ta ce, "Yarinyar nan ta iya zaɓe." Bara'atu ta tafi da littafin gida, da hantsi ta zauna ta karance shi tas tana neman aibun da za ta kama. Ba ta samu ba. Littafin ya yi daɗi, kuma wannan ya fi komai ƙona mata rai.

Daga nan ne shaiɗan ya raɗa mata dabara. Ta san uwarta ciki da bai. Inna mace mai haƙuri take so a labari, wadda za a zalunta ta yi shiru ta kai ƙara wurin Allah. Fitsararriya kuwa, ko a littafi ne, tsaki take ja mata ta ce a rufe. Zulfar littafin mai haƙuri ce har da na sayarwa. To wa ya ce dole ta zauna haka? Inna ba ta ganin baƙi, abin da bakin Bara'atu ya faɗa shi ne littafi.

Ran nan suka zo inda Abdulsalam ya shigo gidan da mutane biyu ya ce a buɗe rumbu. A takarda Zulfa durƙusawa ta yi tana share hawaye da bakin zane. Bara'atu ta kafa ido a shafin, ta ɗora yatsa a layi kamar mai bin rubutu, ta miƙar da Zulfa tsaye, ta sa ta riƙe ƙugu a gaban maza ta ce, "Abdulsalam, wata huɗu ɗan'uwanka yana kwance, ko kunu ba ka aiko masa ba. Yau ka gane hanyar gidansa? Ka ce za ka riƙe wa marayu. Wane marayan ne ya ce maka hannunsa ya gaji?"

Ta yi shiru tana jiran tsaki. Ba tsaki. Sai ta ji hannun Inna a gwiwarta, ba dafawar da ta saba ba, damƙa ce.

"Maimaita wurin nan," in ji Inna.

Ina ruwan Bara'atu da tunanin inda maganar ta fito? Ita dai so take ta ɓata littafi. Amma maganar ba daga iska ta faɗo ba. Tana da shekara goma sha biyu mahaifinsu ya rasu a ƙauyensu Balan, baffanninta suka zo suka ce za su riƙe wa marayu gona, riƙon da har yau ba a saki ba. Inna ko uffan ba ta ce ba, ta tattara 'ya'yanta ta dawo Gaya. Yarinyar da ke laɓe a bayan rumbu ranar ta haɗiye maganar da ta so uwarta ta faɗa, ta zauna mata a ciki shekara talatin, yau kishi ya tono ta.

Da ta maimaita, Inna ta share ido ta ce, "Muhsinar nan ba ƙaramar mace ba ce. Allah ya saka wa Falmata."

Ka ji fa! Ta yi girki wata ta sha yabo. Mai hankali a nan zai tsaya, amma kishi ba ya barin mutum da hankalinsa. Bara'atu ta ce a ranta ai ban ƙara gishirin ba ne. Kashegari ta sa Zulfa ta watsa wa Abdulsalam ruwan wanke-wanke. Inna ta yi dariya har da tari. Ta sa ta je ƙofar mai unguwa ta tona asirin dangin miji ɗaya bayan ɗaya. Inna ta ce, "Haka ne, 'yar halak!" Bara'atu ta fusata, ta sa Zulfa ta kwashe geron marayu ta ɓoye a gidan maƙwabta, sannan ta cinna wa rumbun wuta da rana tsaka don dangin miji su rasa. A nan kam ta tabbata tsohuwa za ta ce a rufe littafin mahaukaciya. Inna ta tafa hannu ta rangaɗa guɗa, guɗar da rabonta da yi tun bikin Kamilu. Ranar Talata, don haushi, Bara'atu ta sa ciwon ciki ya kashe Abdulsalam a hanyar kasuwa. Inna ta ce, "Allah ya jiƙan musulmi," tana murmushi.

Kullum sai Bara'atu ta juya shafi daidai lokacin da ya kamata, ta matsar da tsinken tsintsiya gaba, ta naɗe littafin a mayafi ta tafi da shi gida, don kada wata mai ido ta buɗe. Matan unguwa kuwa sun shiga uku da Inna. Duk wadda ta leƙo sai ta ji. "Rukayya, me kike karantawa yanzu? Ajiye shi. Ki nemi Muhsina Zunnuraini, Falmata ce ta kawo mini daga Toranke. Barira Kabo ai ruwa-ruwa ce, ashe da can wahala muke sha." Bara'atu na zaune a gefe ana yanka ta da wuƙarta. Maganganunta ne ake yabo, sunan wasu mata biyu ake kira, kuma ba ta da bakin cewa nawa ne.

To me ya hana ta dainawa? Hannun nan ne. Tun ranar da Zulfa ta riƙe ƙugu, hannun Inna ba ya barin gwiwarta daga farkon karatu har kiran magariba. Ba ta taɓa samun uwarta haka ba. Tana jin daɗi tana jin haushi, ta rasa wanne ya fi yawa, ta ci gaba da ƙarya.

An ce in za ka gina ramin mugunta gina shi gajere. Juma'a ta uku Bara'atu ta tashi da mura, murya ta dishe kamar ta agwagwa, amma ta ja jiki ta je. Tana zama sai ga ƙarar babur a ƙofar gida. Kamilu ya tsaya a zaure wurin maza, Falmata ta shigo da sallama da ƙwaryar man shanu.

"Falmata, zo nan, zo nan!" Inna ta ce tun kafin a gama gaisawa. "Kin kashe ni da littafin nan. Wurin da ta cinna wa rumbu wuta, ke ma kin yi guɗa?"

"Wuta kuma, Inna?" Falmata ta ce. Ta dubi Bara'atu, Bara'atu ta dubi tabarma. Falmata ta yi 'yar dariya ta ce, "Ai na daɗe da karantawa, wataƙila na manta."

"A manta da wannan? To zauna ki tuna. Ke 'yar nan, miƙa mata ta karanta mana, muryarki ta tafi."

"Zan iya, Inna."

"Da wace muryar? Miƙa mata."

Bara'atu ta miƙa, yatsunta sai da aka ɗan ja kafin su saki. Falmata ta buɗe inda tsinke yake ta fara, da muryarta mai sanyi. Ita ba ta iya ƙirƙira ba, abin da ke takarda shi ta karanta. Zulfa na zaune a inuwar rumbu tana tsince gero tana kuka, sai ga Abdulsalam ya yi sallama a ƙofa.

"Tsaya," in ji Inna. "Wane Abdulsalam? Wanda muka binne ranar Talata?"

Falmata ta sake duba shafin.

"Kuma inuwar wane rumbu? Rumbun da ya zama toka?"

"Inna, wataƙila bugu biyu aka yi," Falmata ta ce da sauri. "Wani lokaci sukan sake littafi su canja wasu wurare." Ita rufin asiri take nufi, baiwar Allah, amma a kunnen Bara'atu tausayin nan ya fi mari ciwo.

"Bugu biyu a cikin bango ɗaya?" Inna ta ce. "Koma baya, ranar da ya zo da mutane a buɗe rumbu. Karanta mini abin da ta ce masa."

Falmata ta yi ta juya shafi har ta samu. Ta karanta a hankali. Zulfa ta durƙusa, ta share hawaye da bakin zane, ba ta ce komai ba.

Inna ta ce, "Falmata, kai wa mijinki ruwa a zaure." Falmata ta ajiye littafin ta tashi, ba ta ko waiwaya ba. Tsakar gida ya rage daga uwa sai 'ya, sai kaji da ke tono a gindin darbejiya.

"Bara'atu."

Shekara arba'in da biyu tana jiran ta ji yadda sunan zai fito a bakin nan. Ta sha zana ranar a ranta, a biki, ko a gadon asibiti, ko ranar da ta sauke wani babban nauyi. Ba ta taɓa kawo wannan ranar ba.

"Na'am, Inna."

"Littattafan Barira Kabo guda tara, su ma haka kika yi mini?"

"Wallahi tallahi a'a, Inna. Wannan kaɗai ne."

"To ta ina zan sani? Ke ce idona. In ido ya yi wa mutum ƙarya sau ɗaya, da me zai duba ya gane sauran?" Ta juyo da fuskarta wajen 'yar, abin da ba ta saba ba. "Me na yi miki?"

Bara'atu ta so ta ce kuskure ne, ta so ta ce wasa ne, sai gaskiya ta riga su fita da disasshiyar murya. "Kishi nake yi, Inna. Littafi ɗaya ta kawo kika kama sunanta sau uku. Ni shekara goma sha ɗaya nake zuwa. So na yi ki tsani littafin, ki ce a mayar mata da abinta, mu koma yadda muke."

Inna ta jawo carbinta ta riƙe, ba ta ja ba. "Maganar da Zulfa ta gaya wa Abdulsalam, ta marayan da hannunsa ya gaji. Taki ce?"

"Tawa ce."

"Ina tsammanin yarinya ce ke a lokacin, ba ki san me ake ciki ba."

"Ina bayan rumbu, Inna. Na ji komai."

Tsohuwar ta sunkuyar da kai. Bara'atu ta ga hawaye ya bi ta gefen hancinta, ta ɗaga hannu za ta taɓa ta, ta fasa. Da Inna ta ɗago, muryarta ta koma daidai.

"Littafi dai, daga yau Falmata ce za ta riƙa karanta mini duk Juma'a. Ba zan ƙara jin takarda a bakinki in gaskata ba, kada in yaudare ki." Ta laluba ta ɗauki Rumbun Zulfa ta tura ƙarƙashin matashinta. "Ke kuma gobe ki zo hannunki babu komai. Ki ƙarasa mini Zulfar da ta ƙona rumbu, ba zan mutu ban ji inda ta kwana ba. In ƙarya za a yi mini, gara in san ƙarya ce."

Washegari da la'asar Bara'atu ta yafa mayafi ta ratsa lungu biyu, hannunta na lilo ta rasa inda za ta sa shi. Tabarma na nan a gindin darbejiya, kofin ruwa na nan a gefenta. Koren bangon littafin ya leƙo daga ƙarƙashin matashi, tsinken tsintsiya a cikinsa, an mayar da shi can baya wurin shafin da aka fara ƙarya, yana jiran Juma'a.

"Ke 'yar nan, zauna mana," in ji Inna. "Muna inda ta tsaya a kan toka."

Bara'atu ta zauna, ta gyara murya, ta ɗauko Zulfa daga kan toka ta bi da ita hanyar Balan neman gonar marayu. Labari ya zo mata kamar an buɗe famfo. Inna ta yi dariya, ta yi salati, sau biyu ta ce a maimaita wurin nan. Bara'atu ta matso da gwiwarta kaɗan, ta ƙara matsowa, har ta taɓa bakin zanen uwarta. Har aka kira magariba hannun Inna bai bar carbi ba.